Kwalbar dina: a juya a duba bayanta kafin a tsiyaya

Kwanan baya na halarci dinar auren 'yar ƙanwata a wani zauren biki nan cikin Maraɗi. An lulluɓe tebura da farin yadi, an jera kofuna masu dogon wuya, kowane tebur da dogayen kwalabe biyu da aka naɗe bakinsu da takarda ruwan zinariya. Ango ya girgiza tasa, murfi ya yi tsalle, kumfa ta malalo, mata suka rangaɗa guɗa. Ni dai aikin lafiya ya sabar mini da juya kwalba kafin in kai baki. Ta farko an rubuta mata "sans alcool", wato babu alkol, sinadarin da ke sa maye. Ta biyu, mai kama da ita kamar an tsaga kara, tana da tambarin ganye kore da kalmar "bio", can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe: 11% vol., wato kashi 11 cikin 100 na abin da ke ciki alkol ne.

Na yafito yaron da ke rabon abinci na nuna masa. Ya ce, "Tanti, ai ruwan inabi ne. Mai shagon ya ce wannan ya fi tsada don ba sinadari a ciki, shi ne mai lafiya." Na ce, "Ɗana, giya ce. Kwashe su tun ba a buɗe ba." Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka faɗa masa ya maimaita. Wanda ya yi cefanen ma da zuciya ɗaya ya saya. Kalma guda ce ta rufe idon kowa, shi ya sa nake son mu tsaya a kanta.

"Bio" labarin gona take bayarwa. Ma'anarta an noma inabin ba takin zamani, ba maganin ƙwari ko na ciyawa irin na masana'anta. Tun 2012 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar abin da za a kira giyar inabi ta bio, har ta rage yawan sinadarin salfa da ake zubawa don kada ta lalace: miligiram 100 a lita ga ja marar zaƙi, maimakon 150. Wadda ake kira "naturel" kuma ta ƙara taka tsantsan, ana barin ruwan inabin ya tsimu da yis ɗin da ke jikin ɓawonsa, ba a ƙara masa na saye. Duk wannan alheri ne ga ƙasar noma da ma'aikacin da ke feshi, kuma ina yaba shi. Amma aikin yis ɗaya ne ko a wace gona aka tsinko inabin: ya cinye sukari ya mayar da shi alkol. Hanta ba ta san tambarin ganye ba. Kashi 11 ko 13 cikin 100 na kwalbar bio daidai yake da na kwalbar da ba bio ba, a maye da kuma cuta.

Matasanmu suna kallon hotunan manyan gidajen abinci na Faransa a waya, suna ganin ƙwararre ya kaɗa kofi, ya sansana, ya kurɓa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne, a wajen gwajin ɗanɗano a Bordo da sauran yankunan inabi, akwai kwano a gefen kowane gwani, ya kurkure baki ya tofar. Wanda sana'arsa ke nan ya san abin da haɗiya take jawowa.

An daɗe ana yaɗa cewa kofi ɗaya na jar giya yana gyara zuciya. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani mizani na alkol da za a kira marar illa ga lafiya. Cibiyarta ta binciken sankara da ke Liyon ta sa abin sha mai alkol a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara tun 1988, rukuni ɗaya da taba, kuma an tabbatar da hannunsa a sankarar baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono. Ƙididdigar hukumar ta nuna mutum miliyan 2.6 ne suka rasu a 2019 sanadin giya. Ga mai juna biyu abin ya fi muni, domin alkol yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. A wannan dinar akwai masu ciki aƙalla uku da na gani da idona.

To, ita kwalbar farko fa? Iri biyu ce. Akwai ruwan inabi zalla da aka hura wa iska, bai taɓa tsimuwa ba. Akwai kuma giyar da aka yi ta cika sannan aka janye alkol ɗinta, wadda dokar Turai ta yarda ta riƙe har rabin kashi ɗaya cikin 100. Hukuncin wannan ta biyun na malamai ne, a tambaye su. Nawa shi ne in nuna inda ake dubawa: a nemi alamar % vol a gaba ko bayan kwalba. In ka ga 0,0% to babu. In lamba ta wuce haka, akwai. In ba ka iya karatun boko ba, miƙa wa ɗan makaranta, ba abin kunya ba ne.

Ko marar alkol ɗin ma ban sake mata fuska duka ba. Ruwan inabi yana ɗauke da kusan giram 15 na sukari a kowane mililita 100, wato kwalba mai mililita 750 ta haura giram 100. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, cokalin shayi goma sha biyu ke nan. Wata Hajiya da nake auna wa sukari duk wata tana teburin da ke kusa da nawa, ta shanye kofi biyu tana neman na uku. Na matsa kusa na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wannan ya fi shayin da na hana ki zaƙi." Ta ajiye kofin tana salati, ta ce ta ɗauka tunda 'ya'yan itace ne ba komai.

Mu da Allah ya ba zoɓo da tsamiya da citta, ga ayar da ake nomawa a Cadawa da Gazawa har ana lodinta zuwa Najeriya, ba mu rasa abin tarbar baƙo ba. Bincike ya nuna zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, ko da yake ba ya maye gurbin magani, kuma amfanin yana tafiya in an cika masa sukari. Sai dai namu ma ba a sake da shi. Yis ɗin nan da ke tsima inabin Faransa yana nan a iskar Maraɗi. A bar kunun aya ko zoɓo mai zaƙi a rufe cikin zafin watan Afrilu, wuta ta ɗauke, firijo ya huce, kafin gobe robar ta kumbura. Ka murɗa murfi ka ji ta yi tsaki, ga kumfa, ga tsami mai cizon harshe. Wannan ya fara juyawa, a zubar. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ana jiƙa masa zabibi ya sha, amma ba ya wuce kwana uku. Kunun aya a zafinmu ko kwana ɗaya ba ya kaiwa in babu sanyi.

Sai ruwan haɗi da ƙanƙara. Ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a Madarumfa a daminar 2018 ba, ta sake dawowa jihar Maraɗi a 2021. Mai yin zoɓon biki ta tafasa ruwanta, ta san inda aka ɗebo ruwan ƙanƙarar da za ta jefa, ta guji robobin da yara ke tsintowa a bola a ɗauraye sama-sama. Dafa zoɓo ba ya kare shi in an sirka shi da ɗanyen ruwan da ba a san asalinsa ba.

Washegarin dinar a wajen walima ni da ƙanwata muka tashi tun asuba muka dafa zoɓo da citta da kanumfari, muka tace da sabon kyalle, muka raba shi gida biyu, mai sukari kaɗan da marar sukari. A cikin kofunan nan masu dogon wuya aka zuba wa dangin ango, jawur da shi. Hajiya ta sha marar sukarin, ta ce a ɗura mata saura a gora ta tafi da shi, na ce ta shanye kafin magariba.