Gurɓataccen Man Dizal

Gurɓataccen man dizal shi ne wanda ruwa, ƙura, tsatsa ko wani mai na daban ya shiga cikinsa fiye da ƙa'ida. Direbobi a Najeriya sun fi kiran dizal da man gas, a Nijar kuma gazuwal. Ƙa'idar Turai ta EN 590 ta iyakance ruwa a miligiram 200 cikin kilo ɗaya na mai, datti kuwa miligiram 24. Galibi a hanya man ke gurɓata: a tankar dako, a rijiyar gidan mai, a duro ko jarka.

Asalin matsalar

Tsofaffin manyan motoci da taraktoci suna da juriya, domin famfon injekta ɗinsu, wato famfon da ke tura mai cikin inji, ba ya aiki da matsi mai tsanani. Daga wajen tsakiyar shekarun 1990 aka fara sa tsarin kwamon-rel a manyan motoci, wanda ke fesa mai da matsin da kan kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne). Ratar da ke tsakanin sassan nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa man, ba ta wuce 'yan maikiron ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin mutum kusan maikiron 70 ne. Saboda haka ƙurar da ido ba ya gani ma tana cin ƙarfen. Man da tsohuwar tirela za ta sha ta wuce lafiya yana iya kashe nozul ɗin sabuwa.

Ruwa da laka

Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya. Yana shiga ta murfin da bai rufu ba, ko ta raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba idan dare ya yi sanyi. Ɓarnarsa kashi uku ce: yana sa tsatsa, yana hana mai santsin da ke kare famfo, sannan a mahaɗarsa da mai ƙwayoyin cuta da funfuna ke hayayyafa. Su ne ke haifar da baƙar laka mai yauƙi da ke toshe filta. An fara lura da irin wannan a tankunan jiragen sama wajen shekarun 1950. Mai da ya daɗe a ajiye cikin zafi shi ma yana yin duhu ya fitar da danƙo. Tankin da aka shafe da tutiya bai dace da ajiyar dizal ba.

Algus

Ana cakuɗa dizal da kananzir ko baƙin mai don riba. Kananzir na rage santsi, famfo ya ci kansa.

Alamomi

Wahalar tashi da safe, rashin ƙarfi a hawa ko lokacin huɗa, kakarewar inji, farin hayaƙi ko baƙi, da filta mai toshewa kafin lokacinta. Idan aka zuba man a kwalba mai tsabta aka ajiye, mai kyau garau yake, mai ruwa kuwa yakan yi hazo ko ya rabu gida biyu.

Kariya wajen shan mai

Ba a shan mai lokacin da tanka ke sauke kaya a gidan mai, domin zubin yana tayar da lakar rijiya. Duron da aka kai gona a bar shi ya kwana ɗaya ba a motsa ba, a ja man daga sama, bakin tiyo ya tsaya 'yan santimita sama da gindi. A goge bakin tanki kafin a buɗe, musamman da hunturu, a kuma yi amfani da mazurari mai rariya. Tsumma yana zubar da zare, bai kamata a tace da shi ba. A cika tankin tarakta da yamma bayan aiki. Kowace safiya a kwance kusar ƙasan filtar farko a tsiyaye ruwan har sai mai zalla ya fito. Filtar farko takan tare dattin maikiron 10 zuwa 30, ta biyu 2 zuwa 5. A injin kwamon-rel ba a cika sabuwar filta da man jarka kafin a ɗaura ta, da famfon hannu ake jawo mai a fitar da iska.