Ƙara wa tsohuwar ƙaramar mota ƙarfin birki: amsar tambayoyin da ba sa ƙarewa

Birkina ba ya kamawa sosai. Wane babban faifai zan sa?

Ko ɗaya tukuna. Birkin da aka yi wa sakaci gyara yake nema. Cire taya ka duba. Fad ɗin (abin da ke guga faifan birki) da kaurinsa ya yi ƙasa da milimita 3 ya gama aiki. A jikin faifan an buga MIN TH da lamba, wato iyakar siririn da aka yarda ya kai. Auna shi, in ya kai nan a jefar. Zaro fil biyun da kalifa (abin da ke matsa fad a jikin faifai) ke zamewa a kansu, goge su tas, shafa musu giris na silikon. Giris na gama-gari kumbura robar yake yi. In ka ga fad na ciki ya cinye, na waje kamar sabo, to fil ne ya maƙale.

Wane man birki ya fi?

Abin da aka rubuta a murfin tankin man, ko wanda ya fi shi a danginsa. Man birki aji-aji ne: sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, DOT 4 ƙasa da 230, DOT 5.1 ƙasa da 260. Dukkansu suna zuƙar danshi, kuma da ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 ya sauko 140, DOT 4 ya sauko 155. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka taka feda ta tafi ƙasa a tsakiyar gangara. A sauya shi duk shekara biyu, lita ɗaya ta isa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Don Allah a daina rikita shi da 5.1.

Faifai mai huji-huji fa?

Bar shi. Daga bakin hujin yake fara tsagewa.

Me ya kawo taya cikin maganar birki?

Wannan ce ba a so a ji. Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. In kana iya take birki har tayoyin gaba su kulle a busasshiyar kwalta, ko ABS (na'urar hana taya kullewa) ya fara bugun ƙafarka, ƙarfin birkinka ya riga ya wuce riƙon tayarka, babban kalifa ba zai rage maka ko mita ɗaya a tsayawar farko ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen tayar: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana ƙeƙashewa ko da zanenta yana nan.

Zan iya cire gangar birkin baya in sa faifai, ko in ɗauko kalifar babbar mota in ɗaura a gaba?

Za ka iya, amma ya danganta, kuma sau da yawa ba na ba da shawarar haka. Idan mota ta ci birki nauyinta gaba yake komawa, shi ya sa gaba ke ɗauke da mafi yawan aikin, musamman a ƙaramar mota mai inji a gaba. Baya aka rage wa ƙarfi da gangan. Muddin tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, bayan motar zai zagayo gaba, sitiyari ba zai cece ka ba. Akwai bawul da ke rage matsin man da ke zuwa baya, an auna shi ne da ganga. Ka sa faifai ka bar wannan bawul ɗin, wataƙila baya ya yi rauni, wataƙila ya yi yawa, ba mai iya faɗa maka daga nesa. Wasu tsofaffin masta (famfon da feda ke tura mai da shi) kuma suna da ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi saboda ganga. A kan faifai shi ke sa fad ya riƙa guga har wili ya yi zafi. Ga wayar birkin hannu, wadda da wuya ta dace ba tare da an sauya ta ba.

A gaba lissafin masta ne. Fistan ɗin kalifa mai milimita 48 ka mai da shi mai 54, faɗin fuskarsa ya ƙaru da kusan kashi 27 cikin ɗari. Zai fi matsa faifai, amma yana buƙatar ƙarin mai kafin ya motsa, feda za ta yi nisa. Sai ka ce a sa babban masta, daga milimita 20.6 zuwa 22.2, feda ta dawo sama, amma yanzu sai ka ƙara ƙarfin ƙafa. Sannan rim mai inci 13 ba lallai ya haɗiye babban kalifa ba.

Inda nake yarda shi ne idan kamfanin ya fitar da wani samfurin motar mai babban inji a kan gangar jiki ɗaya. To a kwaso komai daga ita: faifai, kalifa da mariƙinta, masta, bawul, tiyo da wayar birkin hannu. Ko a nan ma a gwada a fili mara mutane, a busasshe da jiƙaƙƙe, wani ya tsaya gefe ya ga wace taya ce ke fara kullewa. Ribar babban faifai ita ce jure zafi: mai yawan sauka dogon gangare ko ɗaukar kaya zai ga amfaninsa. Mai zirga-zirgar cikin gari, ganga mai sabon layinin (abin da ke guga ta daga ciki) da aka daidaita ta ishe shi. Mariƙin kalifa da aka yi wa walda da ka, ban yarda da shi ba ko kaɗan. A wasu ƙasashe kuma dole a sanar da kamfanin inshora irin wannan sauyi.

An cire iska daga man birki sau da yawa, feda tana nan da laushi.

Kwantar da hankalinka, yawanci abu uku ne. Ko an ɗaura kalifar dama a hagu, kan cire iskar ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Ko layinin baya ya yi nesa da ganga. Ko tsohon tiyo yana kumbura: sa wani ya taka, kai ka riƙe tiyon ka ji. In feda tana nutsewa a hankali alhali ba yoyo ko'ina, robobin masta ne.

Feda ta yi tauri kamar dutse.

Kashe inji, taka sau biyar, riƙe, tayar da injin. Ba ta ɗan sauka ba? Duba tiyon iskar sabo (servo, wato abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi a kan feda) kafin ka zargi shi kansa.

In sauya gefe ɗaya kawai?

A'a. Dama da hagu tare, kullum.

Na sa sabon fad, ya fi tsohon rashin kamawa.

Bai zauna ba ne. Wanke faifan da abin wanke birki tun kafin ɗaurawa, saboda man hana tsatsa da yake zuwa da shi. Sannan a hanya mara cunkoso, daga gudun kilomita 60 a awa ka sauko zuwa 10, kamar sau takwas zuwa goma, da matsakaicin ƙarfi, ba tare da tsayawa cak ba. Ci gaba da tafiya 'yan mintuna ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda faifai na da zafi, fad zai bar tabo a wuri guda, daga baya sitiyari ya riƙa rawa duk sanda ka taka.