Waiwaye: Sandar Cinya ko Karkiyar Kafaɗa, Me ke Riƙe Fasinja a Jirgin Lilo?

Masu bibiyar jirgin lilo, wato jirgin nan na wuraren wasa da ke hawa da gangara da wuntsilawa a kan dogo, sun daɗe suna jayayya a kan abu guda: wanne ya fi dacewa ya riƙe fasinja, sandar da ake dannawa a kan cinya ko karkiyar da ake saukarwa ta kan kafaɗu? Sabon shiga yakan zaɓi karkiya, domin a ido ta fi kama da tsaro. Amma maganar ta fi haka zurfi, kuma asalinta yana can ƙarƙashin tarago, wajen ƙafafunsa, wato tayoyi.

Jirgin da LaMarcus Thompson ya buɗe a Coney Island ta Amurka a 1884 gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, mutane na zaune a benci kawai. Jiragen da suka biyo baya suna da ƙafafu iri biyu: na sama masu ɗaukar nauyi, da na gefe masu hana tarago kaucewa. Babu abin da ke riƙe shi ta ƙasa, nauyinsa ne kaɗai ke ajiye shi a kan dogo. Shi ya sa tilas tudu ya zama mai sauƙi, ko kuma a sa mai birki a cikin jirgin ya riƙa rage gudu. Har yau jirgin katako na lambun Tivoli a Kofanhegan, wanda aka gina a 1914, yana tafiya da mai birkinsa. Tunda ba a barin tarago ya yi sama, fasinja ma ba ya tashi, abin riƙewa da hannu ya wadatar.

John Miller ne ya sauya lissafin a 1919, da ya yi rajistar ƙafa ta uku mai kama dogo ta ƙasa. Daga nan tarago ya rungumi dogo ta sama, ta gefe da ta ƙasa, aka samu damar yin gangara mai tsanani da tudun da ake ƙetarewa a guje. To, an ɗaure tarago, saura mutum. A ƙwanƙolin irin wannan tudu dogo na jan tarago ƙasa alhali jikin fasinja na son ci gaba da tafiya sama. Maganin farko shi ne sanda guda ta ƙarfe da ke ratsa cinyoyin mutum biyu, mai tsayawa a wuri ɗaya tak. Aibinta a fili yake: in babba ya zauna da yaro, sandar na daidai da babban, yaron kuwa akwai tazara a samansa. Masoya jiragen katako na ƙaunar wannan tazara saboda shawagin da take bayarwa, shi ya sa suke yabon Phoenix na wurin wasan Knoebels. Sai dai mafi yawan wurare sun koma ba kowane fasinja sandarsa, da katanga a tsakanin kujeru.

Karkiya ta shigo ne da wuntsilawa. An gwada zoben wuntsilawa tun 1895 a jirgin Flip Flap na Coney Island, amma da'ira ce cikakkiya, sai nauyi ya afka wa jiki farat ɗaya a mashiga, mutane suka riƙa jin ciwo a wuya. A 1975 aka buɗe jirgin Corkscrew na kamfanin Arrow a Kalifoniya da karkiyar kafaɗa, ta zama al'ada. Shekara guda bayan haka Anton Schwarzkopf da injiniya Werner Stengel suka kawo jirgin Revolution a wurin wasan Magic Mountain, da zobe mai siffar ƙwai, faɗi a ƙasa, tsuke a sama, yadda nauyi ke ƙaruwa sannu-sannu. Sandar cinya kaɗai suka sa masa, kuma lissafinsu daidai ne: a cikin irin wannan zobe gudu na danna mutum cikin kujera ne, har a lokacin da kansa ke ƙasa. Wurin da ake fitar da mutum daga kujera shi ne kan tudu, da kuma murɗawar da ake yi a hankali.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Karkiya mai tauri ta zo da nata ciwon, wato bugun kunne da haɓa. Dalili biyu ne. A tsofaffin jirage ana murɗa hanya ne a kan tsakiyar dogo, don haka kan fasinja, da ke nesa da wannan tsakiya, sai a wurga shi gefe. Stengel ya yaɗa tsarin murɗawa a kan layin da ke bi ta ƙirjin mai hawa, dogon ne ke kewaya mutum. Na biyu, ƙafafun gefe da na ƙasa a tsofaffin taragu suna da 'yar tazara da dogo, sai tarago ya riƙa karo hagu da dama. Kamfanin B&M na Suwizalan ya yi fice wajen matse ƙafafun a jikin dogo kowane lokaci. Revolution kansa an ɗora masa karkiya a 1992, mahaya suka yi ta kuka, aka cire a 2016. Jirgin Flight of Fear, wanda aka buɗe a 1996 da karkiya, an mayar da shi sandar cinya a 2001, hanyar ba ta canja ba amma hawan ya gyaru ƙwarai.

Kulle sandar iri biyu ne. Akwai mai haƙora: harshen ƙarfe na faɗawa tsakanin haƙora, ana jin ƙas-ƙas, sanda na iya ƙara sauka amma ba ta komawa sama. Matsalarsa, wanda jikinsa ya faɗo tsakanin haƙori da haƙori zai samu sako-sako. Akwai mai aiki da mai: fistin a cikin silinda, da bawul mai barin mai ya wuce ta hanya ɗaya, sanda ta tsaya a duk inda aka dannata. A jirage masu tsanani ana sa biyu-biyu, harshe biyu ko silinda biyu, kowanne na iya riƙewa shi kaɗai. Kuma a kulle suke zaune, buɗewa ce ke bukatar wuta ko matsi daga na'urar tasha. In wuta ta ɗauke a tsakiyar hanya sanda ba ta buɗewa, sai ma'aikaci ya zo da kayan aiki.

Inda aka fi asarar rai ba karyewar kulle ba ne, rashin dacewar sanda da jikin mai hawa ne. Sandar cinya na aiki ne in ta zauna a kan cinya daf da ƙugu, gwiwa a lanƙwashe, yadda ƙafa ba za ta iya miƙewa ta zame ba. In ta tsaya a kan tumbi, ta kulle amma ba ta kama komai ba. A 2004 wani mutum ya faɗo daga jirgin Superman a wurin wasan Six Flags New England ya rasu, bincike ya danganta abin da girman jikinsa da rashin saukar sandar yadda ya kamata. A 2011 a wurin wasan Darien Lake, tsohon soja da ya rasa ƙafafunsa biyu ya faɗo, domin babu abin da sandar za ta kama. A Yulin 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin New Texas Giant. Da aka sake buɗe shi an ƙara bel, an sauya matashin sandar, an ajiye kujerar gwaji a bakin layi. Bel ɗin ma'auni ne kuma: in bai kai ya ɗauru ba, sandar ba ta sauka isasshe ba. Sababbin jirage na da na'urar da ke hana jirgi tashi sai kowace sanda ta wuce wani mizani. Haka ƙa'idar tsawo, santimita 122 ko 137, ba don tsoron yaro aka sa ta ba, don girman ƙugu da tsawon cinya ne.

Ƙa'idojin ƙira, ASTM F2291 a Amurka da EN 13814 a Turai, a kan wannan tunani aka gina su. Ana auna ƙarfin da ke tura mutum sama ko gaba a kowane sashe na hanya, shi ke nuna matakin kariyar da ake bukata. Kafin ɗan adam ya hau, ana gwaji da mutum-mutumin roba cike da ruwa.

Duk wannan lissafi ya dogara ga tarago ya zauna a kan dogo. A 1986 a Edmonton ta Kanada kusoshin ƙafafun taragon ƙarshe na jirgin Mindbender suka kwance, sanduna suka buɗe, mutum uku suka rasu. A Yunin 2023 hannun da ke riƙe ƙafafun gaba na jirgin Jetline a Sitokholm ya karye saboda walda mara ƙarfi, mutum ɗaya ya rasu, tara suka ji rauni. Saboda irin haka ake duba ƙafafu da kulle kowace safiya, ana kuma wargaza taragu lokaci-lokaci a binciki tsaga da na'ura.

A yau ana bin hanya biyu. B&M na haɗa sandar cinya da falmaran mai laushi a yawancin sababbin jiragensa masu wuntsilawa, ba ta bugun kunne, ko da yake wasu na kukan tana matse ƙashin wuya. Kamfanin Intamin kuwa ya ƙera jirgin VelociCoaster da aka buɗe a Orlando a 2021, mai wuntsilawa sau huɗu, da sandar cinya kaɗai a kujera mai zurfi. A ganinmu wannan ne ya fi, da sharaɗin ma'aikaci ya danna sandar da hannunsa ya ga inda ta zauna, kuma wurin wasa ya ba shi ikon sauke wanda kujerar ba ta ɗauka ba, komai tsawon layin da ya bi.