Gonar aro: waiwaye kan tsohon sojan yaƙin Bama (Burma) da lambunsa na Agege

Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, aka kuma shiga maganar tashin kasuwar Alaba Rago, gardama guda ce ke ta kai da komo a majalisun Agege da Idi-Araba da shafukan Facebook: shin Bahaushe a Legas ɗan gari ne ko baƙo? Zaɓen 2023 ya ƙara wa wutar fetur. Samarinmu na cewa ƙiyayya ce ta sauko mana rana tsaka. Wasu daga cikin masu gari kuma na magana kamar jiya-jiya muka diro daga bayan tirela.

A cikin wannan hayaniya akwai waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, wato masu lambu. Su ne kake hangowa ta tagar danfo a wajen Iyana-Iba da gefen barikin Ojo, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, suna saɓe da garwa biyu suna ban ruwa ga latas da albasa mai lawashi da alayyafo. Idan katafila ta zo, nasu tashin ba ya shiga jarida. Ni jikan mai lambu ne, kuma abin da ke samunsu yau na san inda ya faro a gidanmu.

Tsohon tarihin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Turawan Ingila sun karɓi Ikko, wato Legas, a 1861. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya kafa rundunar da sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Sun yi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, sun yi na Ijebu a 1892, zuriyarsu na nan a Obalende. Sai fatauci: goro daga Gwanja ta jirgin ruwa zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi suna a kanta, sannan jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Da manoman Agege suka koma shuka goro da kansu, fatake suka sauka kusa da tasha, Zango ya kafu. Duk mai son kare Bahaushen Legas a gardama nan yake tsayawa, ya ce mun fi shekara 150. Gaskiya ne, amma wannan tarihin soja ne da na ɗan kasuwa. Na manomi daban yake, kuma ya fi ƙarfi ne daga 1946.

Kakana na wajen uwa mutumin ƙasar Kano ne, daga wani ƙauye na bakin fadama inda ake noman rani da jigo. Bai taɓa cewa shi ya kai kansa soja a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Abin da yake faɗa shi ne an ce kowane gari ya kawo samari, shi kuma yana da tsawo da faɗin ƙirji. Ya faɗa cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, aka ɗebe su a jirgin ruwa daga Legas zuwa Indiya, daga can suka gangara kwarin Kaladan a Bama suka fuskanci Japanawa. Daji ne da mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo musu. Sunayen wuraren da sojojin Afirka ta Yamma suka zubar da jini suna nan a bangon barikokin Legas: Dodan a Obalende, Myohaung da An a Yaba, Arakan a Apapa. Mutane na wucewa ta gabansu kullum, wasu na zaton sunayen Turawa ne.

Ya dawo a 1946 da igiya uku a hannu, shi ya sa har ya rasu Saje ake ce masa. Ya hau jirgi ya tafi gida, ya tarar mahaifinsa ya rasu, shi kuma an daɗe da fid da rai da dawowarsa, an raba gandu. Ba wanda ya kore shi. Amma ya lura idan ya zauna a majalisa hira na canzawa, ga shi yana shan sigari, yana sa gajeren wando, an fara kiransa ɗan bariki a bayan idonsa. Damina ɗaya ya yi ya komo Kurmi.

Ba shi kaɗai ba ne. Dubban mazan jiya sun cika Legas a shekarun nan suna neman abin yi. An yi doka a 1945 da ta ce manyan ma'aikatu su ware wa tsofaffin sojoji wani kaso na guraben aiki, kuma ta yi wa masu sana'ar hannu da direbobi da masu ɗan karatun boko rana. Wanda bai iya rubutu ba, gadi ne rabonsa ko masinja. Shi kuwa manomi, kowa ya ɗauka zai koma gonar ubansa, tunda a Arewa ba a san namiji marar gona ba. Saje ya yi gadin wani sito na ɗan lokaci, ya ce tsayuwar dare da kulki bayan ya riƙe bindiga wulaƙanci ne. Ya nufi Agege wurin wani mai masauki a Zango.

A nan ne abin da nake son a tsaya a kansa ya faru, kuma bai ɗauki fiye da yini ɗaya ba.

Agege ta lokacin gonakin goro ce da koko, ƙasar kuwa ta gidajen Awori ce, Yarabawan da ke 'yan asalin wurin. Akwai wani kwari mai dausayi a bayan gonakin, ruwa kwance, sauro da macizai, goro ba ya yi a wurin, ba wanda ke so. Idon mutumin fadama ya ga abin da nasu bai gani ba. Mai masaukinsa ya raka shi wurin Bale, wato mai garin, aka tara dattawan gidan da ke da ƙasar. Saje ya sa kakinsa da lambobinsa, ya kai goro da 'yan kuɗin gaisuwa. Aka zaga da shi aka nuna masa iyaka, daga wata bishiya zuwa bakin rafi. Sharaɗin shi ne duk shekara zai kawo wani abu daga amfanin gona, abin da Yarabawa ke kira ishakole. Aka yi addu'a, aka raba goro, aka watse. Ba a rubuta ko harafi ɗaya ba.

Abin lura shi ne kowane ɓangare ya tashi da tasa fahimtar, kuma kowa na da gaskiya a al'adarsa. A garinsu Saje, wanda ya sare daji da izinin mai gari, ya tumɓuke kututture, ya kashe ƙasa da taki shekara da shekaru, gona ta zama tasa, 'ya'yansa su gada. Aro daban, jingina daban, saran daji daban, kuma shi a ganinsa saran daji ya yi. Kwandon da yake kaiwa duk shekara, a wurinsa gaisuwa ce irin wadda ake kai wa mai gari. A wurin Awori kuwa kwandon nan shi ne shaidar cewa ƙasar ba tasa ba ce. A tsarinsu, mai biyan ishakole na iya zama har jikoki muddin yana kawowa kuma bai yi gardamar mallaka ba, amma ba ya sayarwa, kuma ranar da ya ce tawa ce, ranar ya rasa ta. Kowace shekara Saje na zaton yana ƙara kafa tushensa, alhali yana sabunta shaidar aro ne da hannunsa.

Kuma ba al'ada ce kawai ta baka ba, kotu ta riga ta tsaya mata. Tun 1921, a shari'ar da Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa a Legas, ya kai har Landan kan filin Apapa, aka tabbatar cewa ƙasa ta gidajen da suka gaje ta ce, shugaban gida riƙo kawai yake yi a madadin dangi. Ma'anar wannan ga mai lambu ita ce, dattijon da ya ba shi wuri ba shi kaɗai ke da magana ba. Akwai 'ya'ya, akwai jikoki, har da waɗanda ba a haifa ba. Tsohon soja da ya dawo daga Bama bai taɓa jin labarin wannan shari'a ba, mai masaukin da ya yi masa tafinta ma haka.

Lambun ya yi albarka. Ya ja magudanai ya tsane dausayin, ya yanka fangali, ya kafa jigo a bakin rafi, abin da yaran unguwa ke taruwa kallo. Ya shuka lalo da alayyafo da kuɓewa don kasuwar Yarabawa, latas da tumatir don kukun Turawa na Ikeja da bariki. Kakata, wadda aka kawo masa daga gida, ita ke ɗaure ganye da asuba, yara su kai tasha a sa a jirgi zuwa kasuwar Oyingbo. Samari 'yan ci-rani daga ƙauyensu suka riƙa sauka a wurinsa, ya koya musu, ya raka su wurin Bale su ma a yanka musu nasu a kan sharaɗi iri ɗaya. Yarabawan wurin Baba Soja suke ce masa, kuma idan rigima ta tashi tsakanin mai lambu da mai akuya, shi ake kira. Ya kamata a faɗa, gidan da suka ba shi ƙasar sun riƙe alkawari shekaru kusan talatin ba tare da sun ɗaga masa murya ba.

Dama kuwa ta zo. Dattijon gidan da kansa ya taɓa ce masa, tunda ya zauna, ya kawo kuɗi a sayar masa da wurin a yi takarda. Kawuna babba, wanda ya yi firamare, ya durƙusa ya ce, “Baba, a saya mana, ko rabi ne.” Saje ya ce masa, “Kai yaro, wa ya gaya maka a Kurmi za a binne ni?” Kuɗin da ya tara ya aika gida aka gina soro da ɗakuna, aka sayi shanu aka ba Fulani kiwo, ya sauke farali. Ba na ganin laifinsa a kan Makka. Amma soron nan na je na gan shi, jemagu ne a ciki, shi kuwa a maƙabartar Agege yake kwance.

Sauran labarin gari ne ya rubuta shi. Mutanen birnin Legas kimanin 230,000 ne a 1950, suka kai 665,000 a 1963. Masana'antu suka tashi a Ikeja, aka ƙirƙiri jihar Legas a 1967, Ikeja ta zama hedikwata, kuɗin mai ya shigo. Dausayin da ba wanda ke so ya koma fuloti. Dokar ƙasa ta 1978 ta mai da filaye ƙarƙashin riƙon gwamna, daga nan magana ta koma ta wanda ke da rasit da taswirar safiyo. Wasu masu zaman aro sun ɗauka dokar ta 'yanta su daga ishakole. A 1991 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a tsakanin wasu Fulani makiyaya da masu ƙasa a jihar Kwara: dokar ba ta shafe haƙƙin mai ƙasa a kan wanda ya ba wa zama ba.

Namu bai ma kai kotu ba. Dattawan da suka ci goron sun mutu, Saje ya tsufa, magada sun yi yawa, kowa da buƙatarsa. Aka fara yanka daga sama, fuloti ɗaya yau, biyu baɗi. Masu gini suka toshe magudanan, ruwan kwata ya gangaro cikin rafin. Da kawuna ya je da maganar shekarun da aka yi ana wahala a wurin, aka tambaye shi takarda cikin ladabi. Aka ba shi kuɗin ganyen da ke fangali da ɗan abin sallama, aka ce a gaida Baba.

Shi ya sa idan na ji ana cewa abin da ke faruwa sabo ne, ko ƙiyayya ce zalla, sai in tuna da maƙwabtanmu na Zango. Rikici an yi, ba a musu: Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, an rasa rayuka. Amma dillalan goro da na shanu da suka sayi fili suka karɓi takarda tun zamanin sulai, gidajensu na nan, jikokinsu na karɓar haya, wasu har kansila sun yi. Su da Saje masallaci ɗaya suke salla, harshe ɗaya suke yi. Ɗan kasuwa ya saba da rasit tun daga kan huhun goro. Manomi kuwa ya saba da shaidar dattawa da iyakar bishiya, ga kuma zuciya da ke ce masa baɗi zai koma gida. A farkon 2021, da motocin abinci suka daina saukowa daga Arewa na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, aka yi ta tambayar me ya sa Legas ba ta noma abin miyarta. Ta taɓa nomawa. Benaye ne a kan fangalin.

Takarda ɗaya Saje ya bari, littafin sallamarsa na soja, an naɗe shi a leda tare da Tauraron Bama a cikin adakar mahaifiyata. Akwai lambarsa a ciki, da tsawonsa, da tabon da ke kafaɗarsa, da shaidar cewa halinsa na da kyau. Ɗan kawuna ne kaɗai ya riƙe sana'ar. Yana da fangali a gefen wata katanga a hanyar Badagry, yana sayen kashin kaji buhu-buhu, yana biyan wani mutum kuɗi duk wata. Da na kai masa ziyara bayan sallar layya na tambaye shi ko akwai wani abu a rubuce tsakaninsu. Ya ajiye garwa ya ce, “Haba Yaya, mutumin kirki ne fa. Kuma ni shekara biyu kawai zan ƙara in koma gida.” A asibitin Agege aka haife shi, ƙauyen nan sau uku ya taɓa zuwa.