Hoshin Kanri

Hoshin kanri wata hanya ce ta tafiyar da kamfani da ta samo asali a ƙasar Japan. Ana bin ta ne don kada ayyukan da ake yi yau da gobe su kauce wa alƙiblar da shugabannin kamfani suka sa gaba ta shekaru masu zuwa. Akan zaɓi manyan buri kaɗan, galibi uku zuwa biyar, a sauko da su daga ofishin shugaba har zuwa ga mai riƙe da sufana a masana'anta, kowa ya san kasonsa da ma'aunin da za a auna shi da shi.

Suna

A rubutun Japananci haruffa biyu ne suka tayar da kalmar hoshin, ɗaya na nufin fuskar da aka dosa, ɗayan kuma allura. Idan aka haɗa su sai a sami allurar kamfas, ko da yake a maganar yau da kullum manufa ake nufi. Kanri kuwa kula da abu ne da sarrafa shi.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan da ake ƙerawa a Japan sun yi ƙaurin suna wajen araha da rashin ƙarko. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin ƙasar, JUSE, ta gayyato W. Edwards Deming daga Amurka, ya koyar da yadda ake amfani da ƙididdiga wajen kula da ingancin kaya. Shekara guda bayan haka aka kafa lambar yabo da sunansa. A 1954 Joseph Juran, wani masanin ingancin kaya daga Amurka, ya zo da nasa darasin, inda ya nanata cewa maganar inganci nauyi ne a wuyan manya, bai kamata a bar wa masu duba kaya a ƙarshen layi ba. A wannan shekarar ce kuma masanin gudanarwa Peter Drucker ya fito da tsarin gudanarwa ta hanyar gindaya wa kowane manaja burin da zai cim ma, kuma kamfanonin Japan da yawa sun gwada shi. Abin da suka yi ta kuka da shi shi ne yadda ake jefo wa mutum adadi daga sama, ba a tattauna ta inda zai bi ya kai gare shi ba. Daga ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka hoshin kanri ya tsiro, a hankali, a kamfanoni daban-daban da ke neman lambar Deming.

Labarin Komatsu, mai ƙera motocin tonon ƙasa, shi aka fi kawowa. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya ga hadari ya haɗo: Caterpillar na Amurka, wanda sunansa ne ya zama katafila a bakin Hausawa, yana shirin shigowa Japan, kuma a 1963 ya haɗa gwiwa da Mitsubishi. Tun a 1961 Komatsu ya ƙaddamar da abin da ya kira Aikin A, buri guda tak, wato ƙanana da matsakaitan katafilolinsa su kamo na abokin hamayya a ƙarko. Ana ruwaito cewa shugaban kamfanin na lokacin, Yoshinari Kawai, ya umarci injiniyoyi su ajiye maganar tsada a gefe tukuna. Sauran ayyuka duk suka koma bayan wannan. A 1964 Komatsu ya ci lambar Deming, kuma a shekarar ce Ryoichi Kawai ya gaji mahaifinsa, ya mayar da abin al'ada: duk shekara shugaba ya bayyana manufa, sassa su fassara ta zuwa ayyuka. A can ne kuma aka ɓullo da wani zane da ake kira tsarin tuta, mai nuna yadda babban buri ke rassa zuwa ƙanana, kowane reshe da adadinsa.

Toyota ya karɓi lambar a 1965. Sunan hoshin kanri kansa an fi danganta shi da kamfanin taya na Bridgestone, wanda ya ci lambar a 1968. Marubuta sun saɓa kan shekarar da aka fara amfani da shi, wasu na cewa tun wajen 1965.

Yadda ake yi

Shugabanni kan fara da burin shekara uku zuwa biyar, su ciro na bana daga cikinsa. Daga nan sai a shiga matakin da ya fi ba tsarin suna, wanda ake kwatanta shi da wasan jefa ƙwallo a cafe. Misali, shugaba ya ce yana son a rage kwanakin da mai saye ke jira kafin kaya su isa hannunsa. Manajan masana'anta ya cafe, ya duba, ya dawo da amsa cewa zai yiwu idan an gajarta lokacin sauya injin daga wannan samfuri zuwa wancan, amma hakan na buƙatar ƙarin makanikai biyu. Mai kula da sayayya ya ce matsalar ba a injin take ba, a masu kawo ƙarfe take. Haka ƙwallon zai yi ta zagaye, sama da ƙasa da kuma tsakanin sassa, wani lokaci har makonni, sai an daidaita kan buri da hanya tare. Aikin da aka duba aka ga bai rataya a jikin kowane buri ba, a dakatar da shi, kuma nan ne rigima ta fi yawa, don ba manajan da ke son a yanka masa nasa.

Ana bin sawu da zagayen nan mai mataki huɗu da ake jingina wa Deming: tsara, aikata, duba, gyara. Sassa kan zauna duk wata. Sau ɗaya a shekara shugaba da kansa kan zagaya masana'antu ya saurari ma'aikata, abin da ake kira binciken shugaba, kuma tambayar da ake so ya riƙa yi ita ce me ya hana, maimakon wa ya jawo. Aikin yau da kullum, kamar biyan albashi da gyaran inji, yana da nasa tsarin daban, ba a cusa shi cikin hoshin.

Yaɗuwa

Yokogawa Hewlett-Packard, reshen haɗin gwiwa na HP a Japan, ya ci lambar Deming a 1982, kuma ta hannunsa tsarin ya shiga uwar kamfanin a Amurka. A 1989 kamfanin lantarki na Florida Power and Light ya zama na farko a wajen Japan da ya samu lambar. Fassarar Turanci ta littafin da Yoji Akao ya shirya a kan batun ta fito a 1991. Kamfanonin Amurka Xerox da Danaher na cikin waɗanda suka rungume shi. A yau an fi ganin sa cikin wani jadawali mai siffar X da ke tattara komai a shafi ɗaya.

Suka

Masu suka na cewa tsarin na cin lokaci, yana kuma haifar da tulin takardu. A Florida Power and Light, sabon shugaba James Broadhead ya zaftare yawancin ofisoshi da rahotannin shirin ingancin ba da daɗewa da karɓar lambar ba. Wasu kuma na ganin zagayen shekara guda ya yi wa kasuwar da ke saurin juyawa tsawo, abin da ya sa kamfanonin fasaha suka fi karkata ga OKR, tsarin gindaya buri da ma'aunin sakamako na Intel da Google, wanda akan sabunta duk wata uku.