Waiwaye: Yadda mai ke kayar da jirgi mai saukar ungulu

Duk lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya faɗo, tambayar farko ita ce: hazo ne, ko harbo shi aka yi? Ba kasafai ake tuna mai ba, alhali wasu haɗurran tun a ƙasa ake ƙulla su, a bakin tanki.

Jiragen nan ba mai iri ɗaya suke sha ba. Manyan, kananzir na musamman ne nasu, Jet A-1. Ƙananan masu injin fistan, irin su Robinson R44, fetur ɗin jirgi suke sha, wanda ake rina shi shuɗi don ido ya gane. In aka ɗura wa ƙaramin kananzir, yana iya tashi lafiya lau da ɗan fetur ɗin da ya rage a bututu, sai ya yi sama injin ya shaƙe. Shi ya sa aka faɗaɗa bakin tiyon kananzir, yadda ba zai shiga bakin tankin fetur ba.

Wajen shan man kansa ma yana da nasa hatsarin. A Afrilun 1980, sojojin Amurka da suka je kuɓutar da mutanensu da ake garkuwa da su a Tehran sun ya da zango a hamada kusa da Tabas don shan mai. Cikin dare da ƙura, mai saukar ungulu ɗaya ya bugi jirgin C-130 da ke ɗauke da man, wuta ta tashi, sojoji 8 suka mutu.

Amma haɗarin da ya fi ciwo shi ne na Mosby a jihar Missouri ta Amurka, ranar 26 ga Agustan 2011. Matuƙin jirgin ɗaukar marasa lafiya ya tashi bai duba tankinsa yadda ya kamata ba. Da ya sauka asibiti a Bethany ya sanar cewa man bai kai yadda ya zata ba, kuma maimakon ya ce a kawo masa, ya ɗauki majinyacin ya nufi filin jirgin Mosby da niyyar shan mai a can. Saura kamar mil ɗaya injin ya mutu, duka mutum 4 da ke ciki suka rasu. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri a Amurka ta gano yana ta aika saƙonnin waya a ranar, har yana cikin tuƙi. Wannan kam ganganci ne tsagwaronsa.

Na Glasgow, ranar 29 ga Nuwamban 2013, man ma yana nan. Jirgin ’yan sanda ƙirar EC135 ya rikito kan rufin mashayar Clutha, mutum 10 suka mutu. Masu bincike na Birtaniya sun tarar an kashe famfunan da ke tura mai daga babban tanki zuwa ƙananan da ke shayar da injinan biyu, ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kaɗawa ba a sauka ba. A babban tankin kuwa akwai sauran mai fiye da kilo 70.