Waiwaye kan rigimar kumburin C++ a ƙananan na'urori

Duk wanda ya taɓa ɗora firogiram a kan Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa firogiram, ya san wannan rubutun da ke fitowa a ƙasa bayan kwamfayila, wato manhajar da ke juya kod zuwa yaren na'ura, ta gama aikinta, mai gaya maka kashi nawa na memori ka cinye. Cip ɗin da ke ciki, ATmega328P, kilobayit 32 gare shi na ajiye firogiram, RAM kuma kilobayit 2 ne cak. To a irin wannan matsatsin ne zancen nan na cewa yarukan firogiram irin su C++ masu kilas (zubin da ke haɗa bayanai da ayyukansu wuri guda) da objek (abin da aka ƙera daga zubin) suna kumbura kod yake da ma'ana, kuma rigimar ta girmi da yawa daga cikinmu.

Tushen kilas da objek yaren Simula 67 ne, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka yi a Norwe. Bjarne Stroustrup ya yi aiki da shi lokacin yana digirinsa na uku a Kambirij, tsarin ya burge shi amma rashin saurinsa ya ishe shi har sai da ya sake rubuta aikin da yaren BCPL. Shi ya sa da ya je Bell Labs a 1979 ya fara ɗora kilas a kan yaren C, abin da aka raɗa wa suna C++ a 1983, ya kafa ƙa'idar cewa abin da ba ka yi amfani da shi ba bai kamata ka biya kuɗinsa ba.

Kuma fa idan ka duba, kilas ɗin kansa ba shi da wani nauyi. Sai in ka sa aiki na bachuwal, wato wanda sai firogiram yana gudu ake sanin wanne za a kira, sannan kwamfayila za ta gina tebur guda na adireshin ayyuka wa kilas ɗin, kowane objek kuma ya ɗauki fointa ɗaya, wato adireshi mai nuna teburin, bayit 4 a na'ura mai bit 32. Shi ke nan fa. Kumburin gaske daga baya ya zo, da aka ƙaro eksefshan (hanyar jefa kuskure a cafke shi a wani wuri), da bayanan nau'in objek na lokacin gudu, da tamfulet (aikin da ake rubutawa sau ɗaya don nau'o'in bayanai daban-daban). Eksefshan yana jawo teburan warware kira da kod ɗin da zai bi su ko da ba a taɓa jefa kuskure ko ɗaya ba, tamfulet kuwa duk nau'in da ka ba shi sai ya buga maka sabon kwafin aikin, ka rubuta sau ɗaya ka tarar da shi sau biyar a fayil, ga iostream, kundin shigar da rubutu da fitar da shi, da in ka kira shi don buga kalma ɗaya sai ya taho da danginsa kaf.

A 1996 kamfanonin cip na Japan, su NEC da Hitachi da Fujitsu da Toshiba, suka ce su kam ba za su iya ba, suka fito da Embedded C++, suka yanke eksefshan da tamfulet da gadon kilas daga iyaye biyu. Ni a ganina sun haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba, don har namespace, abin ware sunaye don kada su yi karo, suka cire alhali ko bayit ɗaya ba ya ci. Stroustrup bai ɓoye ƙin abin ba, kwamitin ISO kuma ya fitar da rahoto a 2006, TR 18015, ya bi fasalolin ɗaya bayan ɗaya yana nuna me kowanne yake ci. Duk da haka Apple a kan irin wannan yankakken C++ ɗin ta gina I/O Kit na direbobinta, wato kod ɗin da ke sarrafa sassan na'ura.

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, shi ma ya ce sun gwada C++ a Linux tun 1992 suka watsar, kuma har yau yana kan bakansa. Amma ka buɗe kod ɗin Linux ka ga file_operations, jerin fointa ne zuwa ayyukan buɗewa da karantawa da rubutawa, kowane direba ya cike nasa. Wannan ai teburin bachuwal ne aka ɗinka da hannu, kuɗin da ake gudu an biya shi, sai dai su suna ganin kowane bayit da idonsu, kuma na yarda wannan ba ƙaramar hujja ba ce ga mai aikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura.

Yau mafi yawan masu rubuta wa ƙananan na'urori tsakiya suka bi, a riƙe kilas a kashe sauran da -fno-exceptions da -fno-rtti, a sa linka, mai harhaɗa guntayen kod su zama fayil guda, ya share duk aikin da ba a kira ba da --gc-sections. Kanel ɗin Zircon na Google da C++ aka rubuta shi ba eksefshan. Yaren Rust da ya shiga Linux 6.1 a ƙarshen 2022 shi ma yana da wannan halin na buga kwafi ga kowane nau'i, an sake tayar da zancen girma a kansa. Arduino ɗin da na fara da shi ma C++ ne, sai dai akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu: kwamfayilar avr-gcc tana kwafe teburan bachuwal zuwa RAM maimakon ta bar su a ma'ajiyar firogiram, to duk aikin bachuwal da ka ƙara bayit 2 ya tafi daga cikin 2048 ɗin da kake lallaɓawa.